Kafin ka sayi caja a filin jirgi

Sana'ata sayar da kayan waya da gyaransu a Kano. Duk bayan Hajji ko Umarar azumi sai an kawo mini caja da fawa banki da aka saya a shagon filin jirgi ana dab da tashi, ga tsada ga rashin aiki. Ba duk kayan can ne jabu ba. Mai gaggawa ne ba ya karanta kwali, ba ya gwadawa, kuma da zarar jirgi ya ɗaga babu zancen mayarwa.

Fawa banki ya fi damuna, domin batirin da ke cikinsa kan kama da wuta idan ya sami matsala. Shi ya sa ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba, sai jakar hannu. Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce: wanda bai wuce 100Wh ba ya wuce, daga nan zuwa 160Wh sai da izinin kamfanin, sama da haka kuwa babu shiga. Mu a kasuwa da mAh muke ciniki, to mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, mai 30,000mAh kuma ya kai 111Wh. Juya shi ka duba bayansa. Idan rubutun ƙarfinsa ya goge ko babu shi sam, masu bincike na iya karɓe shi, kuma suna da gaskiya. Tun Oktoban 2025 kamfanin Emirates ya hana amfani da shi cikin jirgi baki ɗaya, don haka tambayi kamfanin da za ka bi.

Adafta kuma mutane da yawa suna saye ba tare da buƙata ba. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin namu na Nijeriya, haka Ingila da Dubai. Alhazan Nijar ne ke buƙatarta, saboda nasu filogin mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Mai zuwa Amurka ya lura cewa wutarsu 120V ce, kuma adafta ba ta canza ƙarfin wuta. Idan an rubuta 100-240V a kan cajarka, adaftar kaɗai ta wadatar.

Idan dole ta sa sai ka saya a can, Alhaji, kada ka ji nauyin mai shago. Ka ce a buɗe kwalin, ka jona wayarka a gabansa, ka tsaya har ka ga caji yana hawa. Ka duba bakin igiyar, don iPhone 15 da na bayanta USB-C suke ci, tsohuwar igiya ba ta shiga. Ka karɓi rasit.

Iyayenmu tsofaffi na fi tausayawa, waɗanda waya ce kaɗai hanyarsu ta neman ayarinsu a Mina. 'Ya'ya, ku sayo musu kayan mako guda kafin tafiya, ku cika fawa bankin, ku gwada ko zai cika wayar sau biyu, sannan ku sa musu shi a jakar hannu da kanku.