Darasin Aikin Hannu: Mu Yi Saƙa Tun Hunturu Bai Zo Ba

Da zarar an gama girbin dawa, iskar hunturu takan fara kaɗawa. A watannin Disamba da Janairu, a wurare kamar Jos da Kano da Zariya, sanyin asuba yakan kai ƙasa da digiri 15. Mu manya mukan ja bargo ko mu matsa kusa da wuta. To, jariri fa? A wannan darasi za mu ga yadda saƙar da mace ke yi don jin daɗinta a lokacin hutu take iya tsare lafiyar ƙaramin gidanta.

Aikin hutu mai amfani

Saƙa da kibiya biyu ba sabon abu ba ne a duniya. Cikin tsofaffin kayan saƙa da aka gano akwai safar auduga daga ƙasar Masar, wadda aka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A shekarar 1589 wani mutumin Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa. Duk da haka saƙar hannu ba ta mutu ba, domin ba ta bukatar ɗaki na musamman, ko wutar lantarki, ko babban jari. Mace tana iya yinta a gindin bishiya ana hira, ko tana jiran tuwo ya nuna, ko tana zaune a layin asibiti. Idan yaro ya yi kuka sai ta ajiye, in ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Masu yinta sukan ce tana kwantar musu da hankali bayan gajiyar yini. Ba kuwa aikin mata kaɗai ba ne. Maza da samari ma suna iya koyo.

Dalilin da ya sa muka fara da hular jariri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya yi ƙasa da haka, sanyi ya kama shi. Jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Kansa babba ne in an gwada da sauran jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, don haka ɗumi mai yawa yakan fita ta nan. Jaririn da sanyi ya kama yakan yi laushi, ya kasa tsotson nono sosai, ciwo kuma ya same shi da sauƙi. Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba.

Hula kaɗai ba ta isa ba. A tsane jikin jariri da zarar an haife shi, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a jinkirta wankan farko har kwana ɗaya in zai yiwu. Wannan dabara ta rungume bakwaini a ƙirji, a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara ta a 1978, kuma hula da safa suna cikin 'yan kayan da ake sa wa jaririn.

Kayan aiki

Muna bukatar kibiya biyu masu kaurin milimita 4, wato lamba 8 a tsohon lissafin Ingila, da ƙunshin zare na giram 50 mai matsakaicin kauri, da allura mai babban ido, da almakashi, da tef na awo. Wadda ba ta da kibiya tana iya feƙe gora ta goge ta sumul don kada ta riƙa kama zare.

Mu san irin zaren da muke saye. Yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi a masana'anta. Yana da araha, yana wankuwa da sauƙi, amma yakan narke ya manne a fata in ya taɓa wuta. Ulu na gaske ya fi ɗumi, sai dai yakan tsuke a ruwan zafi, asu kuma yana cinsa. In kuɗi ya yi ƙaranci, mu warware tsohuwar suwaita ta gwanjo, mu naɗe zaren a bayan kujera, mu jiƙa shi, mu rataye a inuwa har ya bushe ya miƙe.

Yadda ake yi

1. Mu fara da gwaji. Mu ɗora madauki 22 a kan kibiya, mu saƙa layi goma sha, mu auna faɗin. In ya yi santimita 10, hannunmu ya daidaita. In ya fi haka, mu rage yawan madaukin hular kaɗan. In bai kai ba, mu ƙara.

2. Mu ɗora madauki 66. Wannan zai ba da kamar santimita 30. Kan sabon jariri yakan kai santimita 33 zuwa 35, amma saƙa tana miƙewa ta zauna daidai.

3. Mu riƙe kibiya mai madaukai a hannun hagu. Mu zura ta dama cikin madauki na farko, mu zagaya mata zare, mu jawo sabon madauki, mu saki tsohon. Haka za mu yi har ƙarshen layi, sa'an nan mu juya mu sake.

4. Mu ci gaba har tsawon ya kai santimita 12. Mu riƙa ƙirga madaukai lokaci lokaci, domin ɗaya in ya zame yakan bar rami.

5. Yanzu sai ragi. Mu haɗa madauki biyu biyu mu saƙa su tare, saura 33. Mu yi layi ɗaya ba ragi. Mu sake haɗa biyu biyu, saura 17.

6. Mu yanke zaren da ɗan tsawo, mu zura shi da allura cikin madaukan da suka rage, mu ja ya tsuke, mu ɗinke gefen hular.

Hular farko ba ta cika yin kyau ba. Kada mu karaya, a warware a sake. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Abubuwan lura

Kada mu sa wa hular doguwar igiya ko maɓalli, domin igiya tana iya shaƙe jariri, maɓalli kuma ya haɗiye. Mu cire masa hular in rana ta yi zafi, ko ɗaki ya yi ɗumi yana barci, ko yana da zazzaɓi. In ta jiƙe a canza ta nan da nan, shi ya sa ya kamata a yi biyu. Mu wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu, kada a murɗe, a shimfiɗa a inuwa. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi ƙalau ya kuma ƙi nono, a rungume shi a ƙirji a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Wadda ta iya hula, safa da rigar sanyi ba za su gagare ta ba. Kowace mai ciki a unguwarmu ta cancanci ta shiga hunturu da hula biyu a cikin kayan haihuwarta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mata nawa ne a ƙauyenmu za su haihu tsakanin Nuwamba da Fabrairu?

2. Wace ce ta iya saƙa a cikinmu, kuma wace rana za ta koya wa sauran?

3. In muka haɗa kuɗi muka sayi zare a sari, nawa kowace za ta rage?