Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Ruwan Gaɓar Teku

Wani mai sauraro daga Zariya yana tambaya, yaya mai zane zai sa ruwan gaɓar teku ya fito kamar na gaske?

To, ruwa aron launi yake yi. Can nesa yana ɗaukar launin sararin sama, a bakin gaɓa kuwa yashi ake hangowa ta cikinsa. Mai koyo zai fara shimfiɗa launuka masu duhu, ya ƙanƙanta igiyoyin ruwa na nesa, farin kumfa kuma sai a ƙarshe. Jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe duhu da ƙyalli.

Misali, a shekarun 1880 mai zane Claude Monet na Faransa ya yi ta zana gaɓar tekun garin Etretat, safe daban, yamma daban, saboda launin ruwan na sauyawa da hasken rana.