Ranar Shiga Gidan Tarihi Kyauta: A Kwashi Iyali Ko A Haƙura?

Manyan gidajen tarihi da yawa a biranen Turai da Amurka suna ware rana ɗaya a wata, ko 'yan sa'o'i da yamma, da ba a karɓar kuɗin shiga. Mutanenmu da karatu ko aiki ko kasuwanci ya kai can sukan ji labarin, ransu ya biya, su ce bari a jira ranar a kwashi yara. A ganina garaɓasar ta mazaunin gari ce. Baƙon da ya zo kwana uku ko huɗu, sau da yawa asara yake yi. Ga abin da ya kamata maigida da uwargida su duba.

1. Ku fara ƙirga wanda zai biya.
A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris, duk wanda bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga kullum, ko daga wace ƙasa ya fito. Haka ma Prado a Madrid. Ke nan idan miji da mata da 'ya'ya huɗu ne, tikiti biyu kawai ranar kyauta za ta rage musu, ba shida ba. Tikitin Louvre ya kai Yuro 22 a 2024, daga 2026 kuma aka mayar da shi Yuro 32 ga mutanen da ba na Turai ba. Yuro 64 ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle in an juya shi zuwa Naira ko Sefa. Amma shi ne ainihin abin da ake magana a kai, da shi za a auna wahalar da ke gaba.

2. Wasu wuraren dama can ba a biya.
A Landan babu wata rana da za a jira. Tun Disambar 2001 gidajen tarihi na ƙasa a Ingila suka daina karɓar kuɗin shiga babban zaurensu, kuma British Museum, inda aka jibge kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwasa a 1897, yana cikin na kyauta. Gidajen Smithsonian na Washington ma haka. Nune-nune na musamman ne kawai ake saya wa tikiti.

3. Ku karanta sharaɗin da kyau, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.
Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kyautar Louvre ta Juma'ar farko ce ta kowane wata, daga ƙarfe 6 na yamma, ban da Yuli da Agusta, wato daidai watannin da yara ke hutu kuma baƙi suka fi zuwa. Musée d'Orsay yana buɗewa kyauta Lahadin farko na wata, amma sai ka yi rajistar lokacinka ta intanet tun kafin ranar, kuma gurabe sukan ƙare da wuri. A New York, tun 2018 gidan Metropolitan ya taƙaita tsarinsa na biya abin da ka ga dama ga mazauna jihar da ɗaliban jihohi biyu maƙwabta. In ka zo da fasfo daga Kano ko Damagaram, cikakken kuɗi za ka biya.

Dokokin kuma ba a zaune suke ba. Louvre ɗin nan a da ranar Lahadi yake yin tasa kyautar. Saboda haka kada a dogara da ɗan'uwan da ya ce ai ya taɓa zuwa shekara biyar da suka wuce. A duba sanarwar gidan tarihin da kansa a makon da za a je.

4. Layi shi ne kuɗin da ake biya.
Gidan tarihi na Batikan kyauta ne Lahadin ƙarshe na wata, sai dai ƙarfe 12:30 na rana ake daina shiga, ƙarfe 2 a rufe. Jama'a sukan yi sammako su jeru a jikin katanga tun kafin a buɗe ƙofa ƙarfe 9. A Italiya gaba ɗaya, gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne Lahadin farko na wata tun 2014, har da Colosseum na Rum da Uffizi na Florence, kuma kowa ya sani, shi ya sa kowa ke zuwa. Mutumin da ya biya kuɗin biza da jirgi da masauki, kowace safiya tasa ta fi tikitin tsada. Ya ɓata ta a tsaye da yara suna kukan yunwa, in an shiga kuma ƙeyar mutane kawai zai yi ta kallo. Irin wannan baƙo ya sayi tikiti mai lokaci a ranar aiki, ya shiga da safe.

5. Mazaunin gari ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan.
Shi ne mai cin moriyar abin. Wanda ya biya kuɗi yakan ji dole sai ya ga komai, ya yi ta jan ƙafa sa'a biyar har ya daina fahimtar abin da ke gabansa. Wanda ya shiga kyauta ba shi da wannan nauyin. Prado yana barin mutane su shiga ba biya a sa'o'i biyu na ƙarshe kowace rana, kuma sa'a biyu ta ishi yaro, har ta yi masa yawa. Louvre yana da kaya wajen 35,000 a baje. Babu mai gama su a yammaci ɗaya.

Ku zaɓi sashe ɗaya tun daga gida. Ku bar wa jama'a zanen Mona Lisa, wanda ko a ranar biya sai an yi turereniya kafin a hango shi, ga shi ɗan ƙarami. Ku gangara sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, ku nuna wa yara tasoshin tagulla da dardumai da rubutun Larabci na zamanin da. Wani watan ku je gidan tarihi na Quai Branly, shi ma kyauta ne Lahadin farko, inda aka tara kayan Afirka da Asiya.

6. Salla, ciki, da aljihu.
Yammacin Juma'a a Faris lokacin sanyi magariba ta riga ta yi kafin ƙarfe 6, a watan Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10. A tsara sallar tun kafin a fita, kada a sa ran samun wurin yin ta a ciki. A ci a ƙoshi a gida, don abincin ciki tsada gare shi, zai iya cinye abin da aka rage a tikiti. Kada a ɗauki babbar jaka, masu bincike a ƙofa za su mayar da ita. Cunkoso kasuwar 'yan sane ce, sai a kula da waya da fasfo. Kowane yaro a sa masa takarda mai lambar wayar babansa a aljihu.

7. A gida, lissafin daban ne.
Ranar 18 ga Mayu ce ranar gidajen tarihi ta duniya tun 1977, kuma wurare da dama sukan yi shagali ko su sassauta kuɗin shiga. Sai dai kuɗin shiga Gidan Makama na Kano, ko gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ko na Boubou Hama a Yamai da aka kafa a 1959, bai kai a jira shekara guda dominsa ba. Kuɗin motar zuwa yakan fi shi. Ranakun shagali kuma 'yan makaranta ne ke cika wurin, ga jawabai, mai yi wa mutane bayani ba zai samu sukunin tsayawa da ku ba. Ku je ranar Talata ko Laraba da hantsi, ku biya, ku nemi ma'aikacin da ya san kayan. A Jos ku ce ya kai ku wajen mutum-mutumin Nok da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya. A Yamai ku nemi ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Sahara, da itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973. In ma'aikacin ya gama zagayawa da ku, a ba shi na goro.