Fi'ilin "Zama" A Tsohon Harshen Keltawa

Kowane ɗayanmu da ya taɓa tsayawa gaban yara yana koya musu Turanci ya san wahalar da fi'ilin nan "to be" ya ke ba su. Yau ka ce musu "is", gobe "was", jibi "been", sa'an nan ka ce duk kalma ɗaya ce. Yaro mai wayo ba zai yarda ba, yana kuwa da gaskiya, gama saiwoyi uku ne dabam dabam aka ɗaure wuri guda. Ina so mu bi sawun ɗaya daga cikinsu, watau wadda ta fara da harafin b. Za mu bi ta cikin harsunan Keltawa, domin a can ne ta fi nuna halinta sarai.

Keltawa mutanen Turai ne. Harsunansu da suka ragu suna Ailan, da Sikotlan, da tsibirin Man, da Wels, da Konwal, da wani lardi na yammacin Faransa. A zamanin da, kafin Romawa su yi ƙarfi, ana jin irinsu a ƙasar Gol, wadda yawancinta ita ce Faransa ta yanzu, har da wani sashi na Sifen da arewacin Italiya. Dukansu 'ya'yan uwa ɗaya ne, amma uwar nan ba wanda ya rubuta ta, ko da kalma guda. Masana ne suka yi ta gwama 'ya'yan da juna har suka gano kamanninta. Edward Lhuyd, mutumin Wels, ya soma aikin cikin littafinsa na 1707. Wani Bajamushe kuma, Johann Kaspar Zeuss, ya kafa shi sosai a 1853, da ya tattara 'yan bayanan da sufayen Ailan suka rubuta da harshensu a gefen littattafan Latin, waɗanda a ke ajiye da su a Würzburg da Milan da St Gall. Kalmar da aka gano ta haka a kan sa mata alamar tauraro a gaba, don mai karatu ya sani ba a same ta a rubuce ba.

To, fi'ilinmu a kan rubuta shi *buyeti, waɗansu kuwa *bwiyeti, ma'anarsa "yana zama". Kada a ce zato ne kawai, akwai ƙa'ida. Inda harshen Sanskirit na Indiya ya ke da bh a farkon kalma, Latin yana da f, Keltawa kuwa b. Ku duba kalmar ɗan'uwa: Sanskirit bhratar, Latin frater, tsohon harshen Ailan bráthair, Wels brawd. Yanzu ku auna fi'ilin da wannan ma'auni: Sanskirit bhavati, "yana zama"; Latin fui, "na kasance", da fio, "ina zama"; tsohon harshen Ailan biid; Wels bydd. Ya zauna daram.

Abin da ya fi daɗin koyo shi ne ma'anar. A Helenanci saiwar nan ta ba da fi'ilin da ke nufin tsiro, daga cikinta kuma sunan ilmin fizik ya fito. Ashe tun asali tana magana ne a kan abin da ke tsirowa, yana girma, yana komawa wani abu. Kusa da ita akwai wata saiwa, *es-, wadda ta ba Keltawa *esti, ta ba Latin est, ta ba Turanci "is". Ita wannan aikinta ta ce abu kaza shi ne kaza, shi ke nan. Mu ba za mu sha wuyar gane bambancin ba, ko da ya ke Hausa ba ta da dangantaka da harsunan nan ko kaɗan. "Audu malami ne" dabam, "Audu ya zama malami" dabam.

Ku ga yadda mutanen Ailan suka raba musu aiki. In za su ce "malami ne", sai su ce "Is múinteoir é", da tsohuwar *esti. In za su ce "ya kan kasance nan kowace rana", sai su ce "Bíonn sé anseo gach lá". Ga b ta fito, domin abin yana faruwa yana sake faruwa. Abin da ke gaba ma nata ne: "Beidh sé ina mhúinteoir", watau "zai zama malami". In ka bi kalmomin ɗaya ɗaya, cewa suka yi zai kasance cikin malaminsa, sai ka ce riga ce zai shiga. A ganina ba a taɓa kwatanta ɗan kwalejin horon malamai da kyau kamar haka ba. A Wels kuma kalma ɗaya, bydd, ita ke ɗaukar duka biyu, abin da a kan yi da abin da za a yi. Al'adar nan ta yi ƙarfi a Ailan har ta shiga Turancin mutanen ƙasar, su kan ce "he does be here", abin da mu za mu ja wa jan layi a littafin yaro.

Ita *es- gurguwa ce, ba ta da siffar da za ta faɗi abin da ya faru ya ƙare, sai ta yi aro wurin maƙwabciyarta. Shi ya sa "is" ta Ailan in ta koma baya ta kan zama "ba", kamar yadda Latin ke da sum amma fui. Daga baya mutanen Ailan suka jawo saiwa ta uku, wadda ma'anarta "tsaya", 'yar'uwar stare ta Latin, ta zama "tá" da su ke faɗin halin da a ke ciki yanzu. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da "zama" ɗinmu ke nufin zama a kujera, ya kuma nufi zama sarki.

Saura shaida mafi ƙarfi, wadda Zeuss bai rayu ya gani ba. A 1971 aka tono wani ɗan allo na darma a bakin wani marmaro a Chamalières cikin Faransa, da rubutun harshen Gol na ƙarni na farko bayan haihuwar Almasihu. A ciki akwai buetid da bissiet, yawancin masana kuwa suna karanta su "ya kasance" da "zai kasance". A 1983 aka sami wani allon darma cikin wani kabari a Larzac, mai maganar sihirin waɗansu mata, a nan ma ga biietutu da biontutu, waɗanda a ke ɗauka umurni ne, "bari ya zama", "bari su zama". Alluna biyun nan sun girmi rubutun sufayen Ailan da shekara ɗari shida ko fiye, ga shi kuwa b ɗin nan da masana suka yi lissafinsa a kan takarda yana zaune cikinsu.