Tsatsar da ke ɓuya ƙarƙashin robar mota

Masu tsofaffin motoci a ƙasar Kurfai, ina da magana da ku kafin damina ta sauka. Gyaran jikin mota nake yi a Filinge, kuma yawancin Peugeot 504 da 404 da ake kawo mini walda, tsatsa ce ta cinye su tun daga inda ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin robar gilashin gaba da ta ƙofofi.

Wasu kan ce ƙasarmu busasshiya ce, ina tsatsa za ta fito? Daga ƙura. Ƙurar hunturu tana shigewa bayan roba ta zauna, zafin bazara ya busar da robar ta tsattsage. Da ruwan Yuni ya sauka, sai ƙurar ta koma laka. Jikin mota kan bushe nan da nan, amma wannan lakar takan yi kwanaki da laima, manne da ƙarfe. Motar da ke dakon kanwa ko gishiri, ko dabbobi zuwa kasuwar Balayara, abin ya fi yi mata sauri, don gishiri da fitsari suna ƙara wa tsatsa ƙarfi.

Ina jin ciwon abin. 504 ta fito tun 1968, an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, kayan injinta har yau ba su gagara ba. Amma bakin gilashi in ya ruɓe, sai dai yanka da faci.

Ku ɗaga leɓen robar a hankali, ku share ƙurar da buroshi, ku bar wurin ya sha iska. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramuka na zubar ruwa. Ku buɗe su da tsinke. In kun ga fenti ya kumbura kusa da roba, tsatsa ta riga ta kama. A cire robar, a kankare har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin hana tsatsa, sannan a sa sabuwar roba. Mastik a kan tsatsa asarar kuɗi ce.

Don Allah ku bar shafa wa roba baƙin mai, kumbura ta yake yi ta lalace. Haka silikon na gini mai warin tsami: asid yake fitarwa, ya ci ƙarfe, ya kuma kulle ruwan a ciki. In dole sai an liƙe, a nemo wanda aka yi don gilashin mota, kuma kada a sa shi sai wurin ya bushe sarai.