Filin Shawarwari: Na haɗa tashar AM, amma muryata ba ta wuce zaure

 Ni ɗalibin sakandare ne, da yamma kuma ina koyon gyaran rediyo a shagon wani maƙwabcinmu. Na haɗa ƙaramar na'urar watsa murya ta AM da tiransista BC547 guda ɗaya, da baƙin sandan nan mai naɗin waya da na ciro daga tsohuwar rediyo. Alhamdulillahi tana aiki, har ƙannena sun ji muryata a rediyon Baba. Sai dai abu uku sun dame ni. Da an fita zaure muryar ta ɓace. In na kai hannu kusa da na'urar, sai tashar ta gudu daga inda na kama ta. Ga kuma wani ƙugi da ke bin maganar idan na sa cajar waya a madadin batir. Abokina ya ce in ɗora mata batirin mota, in ɗaure doguwar waya a falwaya, duk unguwa za ta ji ni. Me ka gani?

Ɗalibinka, daga Zariya.

 Madalla da wannan himma. Shawarar abokinka kam ajiye ta gefe. Wayar da aka ɗaura kusa da layin lantarki ajali ce, da damina kuma ga tsawa.

Mu fara da ƙugin, don shi ya fi sauƙi. Cajar waya ba ta ba da wuta mai tsabta, kuma a AM ƙarfin igiyar ne ke hawa da sauka daidai da muryarka, saboda haka duk dattin da ke cikin wutar sai ya fito a lasifika. Koma kan batir mai volt 9. In daga wayar salula kake tura sauti, cire ta daga caji, ka kuma rage ƙararta har sai maganar ta daina fashewa.

Gudun tasha kuwa, naɗin waya da kafasita su ke tsayar da inda za a kama ka. Jikin mutum yana ƙara wa kafasitar nan ɗan auki, shi ya sa da ka miƙa hannu sai lissafi ya canza. Gajarta ƙafafun kayan, ka liƙe su da dalma, ka daina murɗe wayoyi da hannu. Sa na'urar cikin gwangwani, ka haɗa jikinsa da ɓangaren baƙar wayar batir, naɗin wayar kuma kada ya jingina da bango. Sannan ƙara tiransista na biyu tsakanin na farko da eriya, yadda motsin eriyar ba zai taɓa tashar ba. In ka samu kiristal mai ƙafa huɗu na kilohaz 1000 wajen masu sayar da kayan gyara, ka huta da wannan matsala gaba ɗaya, amma volt 5 yake so, batirin mota ƙona shi zai yi.

Saura batun nisa, wanda na san shi ya fi tsaya maka a rai. Matsakaicin zango a nahiyarmu ya kama daga kilohaz 531 zuwa 1602. A kan 1000, tsawon igiya ɗaya mita 300 ne, eriyar da ta dace da ita kuwa rubu'in haka ce, wato mita 75. Dalilin da ya sa gidajen rediyon AM ke kafa dogayen turaku a fili bayan gari ke nan. Wayarka mai taku ɗaya ko biyu ɗan kaɗan take fitarwa, ragowar ƙarfin a banza yake tafiya. Ƙarin wuta ma ba zai biya ka ba, domin kafin nisa ya ninka sau biyu sai ƙarfi ya ninka aƙalla sau huɗu. Irin wannan na'ura kuma ba a wuri ɗaya take fita ba: mai watsawa a 1000 yana ɓullowa a 2000 da 3000, ya shiga hakkin wasu bai sani ba.

Ga kuma doka. A Amurka an yarda mutum ya yi gwaji ba lasisi muddin bai wuce miliwat 100 da eriya mai mita 3 ba, kuma da yawa daga zanen da kake gani a intanet a kan wannan ƙa'ida aka yi su. Dokar can ba ta nan ba ce. A Najeriya, watsa shiri ga jama'a sai da lasisin hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992.

Saboda haka na'urar da ta tsaya a zauren gidanku ta yi daidai. Da rarrafe yaro kan tashi. Sa a gaba ka samu murya tangaran da tasha mai zama wuri ɗaya, ka riƙa rubuta duk abin da ka canza da abin da ya biyo baya, ka nuna wa maigidanka na shago. Ka kuma riƙe lissafi da kimiyyar fiziks da kyau a makaranta, don da su ake zama injiniya. Allah ya yi wa karatunka albarka.