SAUYA INJIN JIRGIN RUWA DAGA MAI BUGU BIYU ZUWA MAI BUGU HUƊU

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, jirgin ruwa ya zama babbar hanyar sufuri tsakanin garuruwan bakin tafkin. Manoman Dukku da sauran garuruwan ƙasar Kontagora masu kai dawa, masara, wake da dabbobi kasuwannin Yawuri, Warra da Malale suna cikin masu amfana da shi. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wannan ya sa masu jirage da dama suna tunanin sauya inji. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda za a yi sauyin ba tare da an jefa jirgi da rayuka cikin haɗari ba.

Bambancin Injinan Biyu

Inji mai bugu biyu shi ne wanda ake cakuɗa masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareta. Ba shi da nauyi, kuma gyaransa da sauƙi, amma wani kaso na fetur ɗinsa kan fita tare da hayaƙi ba tare da ya ƙone ba. A yawancin irinsa ana zuba rabin lita na baƙin mai a jarka mai lita 25.

Inji mai bugu huɗu kuwa, baƙin mansa yana da mazubi daban, kamar na babur ɗin Bajaj. Shan mansa ya yi ƙasa da na wancan, sau da yawa da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Wato jirgin da ke shan lita 40 a zuwa da dawowa zai iya rage lita 10. Sai dai ya fi tsada, ya kuma fi nauyi. Misali, Yamaha mai ƙarfin doki 40 mai bugu biyu nauyinsa kilo 70 ne da 'yan kai, amma takwaransa mai bugu huɗu ya kusa kilo 100.

Abubuwan Dubawa Kafin Sauyi

1. Katakon baya: Nan ne inji ke zama. A soka tsinin wuƙa a jikinsa. Idan ya shige da sauƙi, katakon ya ruɓe, sai a sake shi da mai ƙwari irin maɗaci. A ɗaure inji da kusoshi masu noti, kada a dogara da maƙalan hannu kaɗai.

2. Nauyi: A ɗora buhun yashi mai nauyin sabon injin a bayan jirgi, direba ya zauna a wurinsa, a ga inda ruwa ya kai. Idan baya ya nutse sosai, a matsar da tankin mai da kaya zuwa tsakiya, ko a nemi ƙaramin inji.

3. Tsawon ƙafar inji: Akwai gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. A auna tsayin katakon baya kafin saye. Farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan sauka kaɗan. Idan ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, inji ya yi zafi. Idan ya yi ƙasa ainun, shan mai zai ƙaru, ga kuma haɗarin bugun kututturen itatuwan da tafkin ya shanye.

4. Farfela: Jirgin dakon buhuna yana buƙatar farfela mai gajeren taku, domin ta fi jan nauyi. Mai dogon taku takan wahalar da inji idan an yi lodi. Makaniki ya gwada ta da lodin da aka saba ɗauka.

5. Makaniki da kayan gyara: A tabbatar akwai su kusa kafin a biya kuɗi.

Kulawa Bayan Sauyi

• Kada a cakuɗa baƙin mai a fetur ɗin sabon injin.
• A bi shi a hankali cikin sa'o'i 10 na farko.
• A yi juyen mai bayan sa'o'i 20 na farko, sannan duk bayan sa'o'i 100.
• A tace fetur, domin ruwa da datti suna saurin toshe shi.
• Duk lokacin da aka tayar, a duba ruwan sanyaya inji yana tsartowa ta baya.
• Idan za a kwantar da shi, a bi ɓangaren da littafinsa ya nuna, don kada baƙin mai ya malala cikin inji.

Gargaɗi

Babban inji ba ya ƙara wa jirgi girma. Jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudu. Idan an wuce ta, ƙarin ƙarfi ba ya haifar da komai sai ɓarnar mai da girgizar da ke buɗe haɗin katako. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra a Jihar Kebbi, aka yi asarar rayuka masu yawa. Hukumomi sun danganta haɗarin da tsufan jirgin da lodi fiye da kima. Don haka a ja layin fenti a jikin jirgi a matsayin iyakar lodi, kowa ya sa rigar ceto, a riƙa tafiya da filafili, kuma a guji tafiyar dare.

Kammalawa

Ribar sauya inji tana samuwa ne idan ƙwarin jirgi, nauyin inji da farfela suka dace da juna. Malaman gona su wayar da kan sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage a kan haka. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa.